Koyoti na ɗauke mini 'yan awaki a Teksas: wane kaya zan saya, kuma yaushe zan fita da dare?

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa da ya sayi ƙaramar gona a yammacin Teksas, ta wajen San Anjelo, yana kiwon awaki. Ya ce cikin wata guda an ɗauke masa 'yan awaki huɗu, maƙwabta sun ce koyoti ne, sun ce ya nemi bindiga da madubin ganin dare. Yana so ya san abin da zai saya da kuma lokacin da ya dace ya fita.

Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Kafin ka taɓa kuɗinka zauna mu yi magana, don masu shagon kayan farauta ba za su faɗa maka abin da zan faɗa ba. Na daɗe ina wannan farautar a gonakin makiyayan yankin nan. Na sha ganin mutum ya fito da kayan dubban daloli ya koma gida hannu rabbana, na kuma ga dattijo da tocila ja da ɗan usur na baki ya kwantar da biyu kafin sha biyun dare. Dattijon ya san inda iska ke kai warinsa, ya san watan da ake ciki, kuma ba ya taɓa kunamar bindiga sai ya tabbatar da abin da ke gabansa. Duhu ido kawai yake rufe wa dabba. Hancinta da kunnenta suna nan daram, kuma koyoti da hanci yake rayuwa.

Ga wanda bai san shi ba, koyoti ɗan'uwan dila ne a kama da hali, sai dai ya fi dilanmu girma kaɗan. Na yammacin Amurka yakan kai kilo 9 zuwa 16, na gabas kuwa, wanda jininsa ya gauraya da na kyarkeci, yana iya haura kilo 20. Sunan ma daga harshen Aztek na Meziko ya samo asali. Da can dabbar filayen yamma ce, yau yana cikin kowace jiha ta Amurka ban da Hawayi, ya shiga Kanada, ya gangara har Panama. An yi masa tarko, an zuba masa guba, an harbe shi daga jirgin sama fiye da shekara ɗari, amma sai yaɗuwa yake yi. Ba banza ba kakanninmu suka kira dila malamin daji, wannan ma makaranta ɗaya suka yi.

Ka fara tabbatar da ɓarawon. Koyoti yakan kama maƙogwaro ne, daidai bayan muƙamuƙi, ya shaƙe dabba, sannan ya fara ci daga kwiɓi da kayan ciki. Ɗan akuya ƙarami kuwa ɗauke shi yake yi ɗungurum, ba ka ganin komai sai uwa tana kuka. In ka tarar da dabbobi da yawa an yayyaga musu cinyoyi da kunnuwa, an bar su ba a ci ba, wannan aikin karnukan gida ne, kuma maganinsa magana da maƙwabci. A yankinku akwai kyanwar daji, akwai aladen daji, akwai gaggafa, duk suna ɗaukar jarirai. Duba sawu a bakin kwamin ruwa da ƙarƙashin shinge: na koyoti siriri ne mai tsawo, yana tafiya a miƙe kamar an ja zare, na kare kuwa faffaɗa ne, yana yawo nan da can. Kashinsa cike yake da gashi da ƙasusuwa, ƙarshensa a tsuke, kuma yana son ajiye shi a tsakiyar hanya. Ka ɗaura kyamarar daji guda biyu ko uku a inda ka ga ya haƙa ƙarƙashin waya. Sati ɗaya zai nuna maka ko su nawa ne, ta ina suke shigowa, da ƙarfe nawa. Kada kukansu ya ruɗe ka, biyu in suka haɗa murya sai ka rantse bakwai ne.

Sai doka, kuma kada ka ɗauki ta wata jiha ka auna ta wata. A Teksas babu lokacin da aka rufe farautar koyoti, kuma an yarda a fita da dare da fitila ko madubin dare a ƙasar da ke da mai ita, in dai da izininsa. Ba a buƙatar lasisi in koyotin yana kai wa dabbobinka hari ko bai daɗe da kai musu ba, amma ni shawarata ka yanki lasisin hukumar kula da namun daji ta jihar ka huta da gardama. Wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin koyon ƙa'idojin farauta. Haramun ne harbi daga kan titin gwamnati, haramun ne harsashinka ya tsallaka shingen maƙwabci ba da izininsa ba. Ka kira jami'in namun daji na gundumarku kafin ka fita, ka faɗa masa inda za ka kasance, don mai haska fitila da dare kama yake da ɓarawon barewa. Wasu jihohin sun fi tsauri: Kansas sai a 2021 ta buɗe farautar dare da irin waɗannan na'urori, da izini na musamman, ta fara da 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris, Fensilbeniya ta halatta su a 2020. Abu ɗaya kuma da ya shafe mu baƙi: in takardar zama ta dindindin gare ka, ba matsala, amma mai bizar wucin gadi dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai in ya shiga cikin 'yan togaciyar da aka yi, ciki har da mallakar lasisin farauta mai aiki. Wannan ka tambayi lauya, kada ka tambayi abokin hira.

Yanzu lokaci, wanda shi ne rabin aikin. Shekarar koyoti kashi-kashi take. Daga Oktoba zuwa Disamba 'ya'yan da aka haifa a bazara suna barin iyayensu suna neman wurin kansu. Yunwa gare su, ba su taɓa jin kiran ƙarya ba, kukan zomo kaɗai ya isa ya kawo su a guje. Wannan ne lokacin koyo ga sabon maharbi, kuma daga Nuwamba zuwa Janairu ne fatarsu ta fi kyau in kana son ta. Sai dai yawancin waɗanda za ka kashe a lokacin ba su ne masu cin awakinka ba. Daga Janairu zuwa Maris lokacin barbara ne, ya fi zafi a Fabrairu. A nan ciki ba ya ja su kamar kishi: namiji da matarsa sun kafa iyaka, duk baƙon da ya yi kuka a cikinta sai sun zo sun ga ko wane ne. Cikinsu kwana 63 ne ko kusa da haka, haihuwa a Afrilu da Mayu, yawanci 'ya'ya biyar ko shida. Daga nan zuwa tsakiyar bazara ɓarna ke tsananta, don bakunan da ake ciyarwa sun ƙaru.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi shafarka. Binciken da aka yi a cibiyar Hopland ta Jami'ar Kalifoniya a shekarun 1990 ya nuna cewa mafi yawan tumakin da aka kashe, manyan ma'aurata masu riƙe da yankin ne suka kashe su, ba 'yan yawo ba, kuma kisan yana tsayawa ne in an cire su, ba in an cire kowane koyoti da aka ci karo da shi ba. Wani binciken da aka buga a 1983 daga Wayomin ya gano cewa buƙatar ciyar da 'ya'ya ce ke ingiza su, har ma in babu 'ya'yan kisan yakan ragu ƙwarai ko da iyayen suna raye. Don haka, a ganina, mafi alherin lokaci gare ka shi ne ƙarshen Janairu zuwa farkon Maris: ka cire ma'auratan da suka saba da garkenka kafin su haihu. Ni ba na son harbin uwa a watan Mayu sai ya zama dole, domin 'ya'yan da ke rami yunwa ce za ta kashe su a hankali, kuma wannan ba ya kwanta mini a rai. Amma in ana ɗaukar maka dabba yanzu, to yanzu ne lokacinka, ba za ka jira kalanda ba.

A cikin daren kansa, awa biyu zuwa uku na farko bayan magariba sun fi albarka, sun tashi da yunwa suna yawo. Sai kuma awa biyu kafin asuba. Tsakar dare ma ana samu, musamman inda mutane suka yi yawa. Binciken da Stan Gehrt na Jami'ar Jihar Ohayo ke jagoranta a Shikago tun 2000 ya nuna koyotin birni ya mayar da yawancin harkarsa dare don kauce wa mutane. Amma kyamararka ta fi duk wata ƙa'ida: in ta nuna suna shigowa ƙarfe uku, to ƙarfe biyu ya same ka a zaune. Duhun wata ya fi farin wata, don a daren sha huɗu inuwarka a fili take, suna hango ka kana tsallaka fili tun daga nesa. In dole ne ka fita da farin wata, zauna cikin inuwar itace, ko ka jira ya faɗi. Dare mai sanyi, busasshe, mai 'yar iska kaɗan, musamman bayan guguwar sanyi ta wuce ta bar su da yunwa, shi ne daren da nake barin komai in fita. In iska ta haura mil 15 zuwa 20 a awa, kwanta abinka, kiranka ba zai yi nisa ba, su ma sun lafe.

Iska kuwa, in ka manta da komai kada ka manta da ita. Koyoti in ya ji kukan zomo, sau da yawa ba ya zuwa kai tsaye, sai ya zagaya ta inda iska ke gangarawa don ya sansana kafin ya gani. In warinka ne ya tarar a can, ya tafi, ba za ka ma san ya zo ba, kuma ka koya masa karatun da ba zai manta ba. Saboda haka ka zauna yadda iska za ta riƙa ratsa ka ta gefe, ka ajiye na'urar kira, wato lasifikar da ke kwaikwayon kukan zomo ko na koyoti, yadi 40 zuwa 60 a gabanka ta ɓangaren da iskar ke fitowa, sannan ka tabbata gefen da take gangarawa fili ne da kake gani sarai kuma kake iya harbi a cikinsa. A nan zai bayyana. Ɗan kwalbar hoda da za ka matsa ka ga inda ƙura ta nufa ya fi duk wani turaren ɓoye wari da za a sayar maka. Ka ajiye mota nesa, a bayan tudu, ka kashe fitilar cikinta, kada ka buga ƙofa, kada ka yi magana, kada ka bi ta inda kake sa ran zai biyo. Yawancin farautar da ta lalace, tsakanin mota da wurin zama ta lalace.

To, kaya. Hanya uku ake gani da dare. Mafi araha ita ce fitila ja, ɗaya a goshi ko a hannu don dubawa, ɗaya a kan bindiga. Idon koyoti yana da wani shafi a bayansa mai mayar da haske, shi ya sa yake ƙyalli, kuma jan haske bai cika damunsa ba kamar fari. Dabarar ita ce ka kunna tun kafin ka fara kira, ka riƙa shara da ita ba tsayawa, in ka ga idanu kada ka kashe, kada kuma ka dalla masa tsakiyar hasken. Ka ɗaga ta sama kaɗan gefen hasken ya riƙe ƙyallin har ya matso. Hasken da ke fuskarsa ma yana ɓoye ka a bayansa. Da wannan aka yi shekara da shekaru ana farauta kafin a san wani madubi mai ganin zafin jiki, kuma har gobe tana aiki, sai dai a wurin da aka haska musu har suka gane.

Ta biyu madubin ganin dare mai aiki da hasken infirared, irin su Sightmark Wraith ko na ATN. Yana nuna maka siffar dabba da kyau, kuma kuɗinsa da sauƙi. Matsalarsa, ba ya tono abin da ya ɓuya, kuma reshe ko ciyawar da ke kusa da kai tana mayar da hasken ta kashe maka ido.

Ta uku shi ne tamal, madubi mai ganin zafin jiki, irin na Pulsar, AGM ko Trijicon. Ba ya buƙatar haske ko kaɗan, duk abu mai jini yana fitowa fari tas a cikin duhu tun daga nesa. Za ka ji ana cewa 384 ko 640, wato yawan ɗigon da ke faɗin hoton da na'urar ke ɗauka. 384 ya ishe ka a gona irin taka, 640 ya fi fitar da siffa amma kuɗinsa yakan ninka. Ga shawarar da sababbi ba sa so: in kuɗinka na tamal ɗaya ne, sayi na hannu don dubawa, ka ɗora fitila ja ko madubin infirared a kan bindiga. Dalili biyu ne. Kusan duk daren a dube-dube yake ƙarewa, harbi daƙiƙa biyar ne. Sannan wanda tamal ɗinsa ke kan bindiga kaɗai, duk abin da yake son gani sai ya nuna masa bakin bindiga, ko saniya ce, ko gidan maƙwabci, ko abokin tafiyarsa. Wannan ɗabi'a ce da ban yarda da ita ba.

Tamal ma yana da nasa rauni. Ba ya gani ta gilashi, don haka ba a dubawa ta tagar mota a rufe. Hazo, yayyafi da laima suna dusashe hoton. A yammacin Teksas duwatsu suna riƙe zafin rana, da farkon dare sai ka ga fili cike da fararen ɗigo, kowane dutse ya zama koyoti. Sai dare ya yi nisa ƙasa ta huce hoton yake wankewa. Kuma ba ya nuna nisa: ƙaramin abu kusa da babban abu nesa duk ɗaya suke. Ka nemi mai na'urar auna nisa a jikinsa, ko kuma ka je da rana ka auna daga wurin zamanka zuwa wancan itace, wancan turken shinge, ka haddace. Sanyi yana shanye batir, ka riƙe na ajiya a aljihun ciki. Wani abu kuma, tunda na san halinmu da tsaraba: yawancin waɗannan na'urori suna ƙarƙashin dokar fitar da kaya waje ta Amurka, kada ka jefa ɗaya a akwati za ka gida ba tare da izini ba.

Bindiga ba ta buƙatar dogon bayani, da sunan harsashinta ake kiranta. .223 Remington ta isa, harsashinta da araha, ba ta da naushi a kafaɗa. .22-250 Remington ta fi ta gudu, harsashinta ya fi tafiya a miƙe, abin da ke yafe maka kuskuren ƙiyasin nisa. .243 Winchester ta fi jure iska amma tana ɓata fata. A cikin sarƙaƙiya inda ba ka gani fiye da yadi 40, shotgan lamba 12, wato bindiga mai watsa ƙwarori, da manyan ƙwarori ta fi. Ƙananan bindigogin harbin zomo ka bar su, raunata shi kawai za ka yi ya je ya mutu a wahale. Ka zaɓi harsashi mai fashewa da zarar ya shiga, ya fi kashewa nan take kuma bai cika tsalle daga kan dutse ba. Abin da mutane ke raina wa kuwa shi ne mariƙi mai ƙafa uku da ake ɗaure bindiga a kai. Da dare a tsaye ake farauta don a gani ta saman ciyawa, kuma ba mai riƙe bindiga a tsaye minti ashirin hannunsa bai yi rawa ba. Salansa, wato bututun rage ƙarar bindiga, ta halatta a Teksas bayan rajistar tarayya. Tana kare maka kunne, tana hana ka tayar da maƙwabta, wani lokacin ma na biyun yakan tsaya yana waige bai san ta ina ƙarar ta fito ba. Saiti kuwa da rana ake yin sa, a yadi 100, in tamal ne ka manna ɗan ƙunshin ɗumama hannu a allo ya zama abin auna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na'urar kira, irin ta FOXPRO ko Lucky Duck mai rimot, amfaninta shi ne tana ɗauke hankalinsa daga kanka zuwa inda take. Usur na baki ma ka riƙe ɗaya a wuya, batir ba ya ƙare masa. In ka zauna, yi shiru minti biyar daji ya manta da kai. Fara da ƙaramar murya, don wataƙila yana kwance yadi 200 daga gare ka, in ka ƙure sauti tun farko ka kore shi. A kaka da farkon sanyi kukan zomon da aka kama, minti biyu zuwa uku, shiru, a sake, ana ƙara sauti kaɗan-kaɗan. A lokacin barbara ni da kukan koyoti guda nake buɗewa, siririyar murya irin ta mace ko matashi, ba ta ƙaton namiji ba wadda ke tsorata na ƙasa da shi, sannan in yi shiru mai tsawo. Shirun nan yana aiki fiye da yadda ake zato, mai yankin yakan taho ba tare da ya amsa ba. In za ka tashi, rufe da kukan ɗan kwikwiyo da ake cizo; ban san sautin da ya fi shi tayar da manyan ma'aurata ba, kuma in ka harbi ɗaya ka saki wannan nan take, na biyun yakan juyo. Minti 20 zuwa 30 a wuri ɗaya ya isa, sai ka matsa aƙalla rabin mil. Gonarka ƙarama ce, wuri ɗaya ko biyu kawai gare ka, don haka kada ka yi kira kullum. Sau ɗaya a sati biyu, da sauti daban kowane zuwa. Wanda ya ji kiranka ya sansano ka, ko ka harba ka kuskure, ya zama malami, sai dai ka yi masa kwanto a bakin hanyarsa ba tare da kira ba.

In ya taho, bar shi ya taho. Sababbi suna harbi a yadi 300 alhali da sun jira daƙiƙa talatin da ya zo 80. Da dare ni ba na wuce yadi 150. In ya shigo inda kake so, yi masa haushi sau ɗaya da bakinka, zai ci birki ya duba; wannan ne lokacinka. Tsakiyar ƙirji in yana fuskantarka, daidai kafaɗa in ya ba ka gefe. Kada ka harbi mai gudu, yana kai mil 40 a awa. Kada kuma ka harbi wanda ke kan tudu da sararin sama a bayansa, harsashin .223 yana tafiya fiye da mil biyu in bai sami abin tsayawa ba.

Bari in ba ka labarin da ya sa nake nanata tantancewa. Wani dare a Fabrairu, a gonar wani makiyayin tumaki, na ga farin abu a tamal yana tahowa ga kira, girmansa daidai, tafiyarsa daidai. Na cire makulli, yatsa na kan kunama. Abin da ya tsayar da ni wutsiya ce: koyoti wutsiyarsa a ƙasa take in yana tafiya, wannan kuwa ta ɗago a lanƙwashe. Na haska fitila, sai ga matashiyar karyar gadin maƙwabci ta tsallako shinge. Kallon kitse na yi wa rogo, saura ƙiris in kashe dabbar da ke tsare garken wani. Ba ni kaɗai ba ne, kuma wasu ba su tsaya ba. A Disamba 2014 wani maharbi a Yuta ya harbe kyarkeciya mai ƙwanƙwaron bincike a wuya, wadda aka gani a bakin Grand Kanyon bayan shekaru da dama ba a ga irinta a can ba, ya ce ya zaci koyoti ce. A Karolina ta Arewa an hana farautar koyoti da dare a gundumomi biyar bayan shari'ar 2014, saboda ana harbe jan kyarkeci, wanda ya kusa ƙarewa a duniya, bisa kuskure. Ka tambayi maƙwabtanka wa ke da karen gadi, wa ke da 'yan maruƙa a fili, ka faɗa musu daren da za ka fita. Tamal yana cewa akwai abu a can, ba ya rantsuwa a kan ko mene ne.

Kada kuma ka sa ran bindiga za ta share maka yankin. Sashen kula da ɓarnar namun daji na ma'aikatar noma ta Amurka yana kashe fiye da dubu 50 a shekara, Yuta ta sa ladan dala 50 a kan kowane ɗaya a 2012, amma koyoti yana nan. Lissafin da Connolly da Longhurst suka yi a 1975 ya nuna sai an riƙa kashe kashi 75 cikin ɗari kowace shekara har kimanin shekara 50 kafin a ƙarar da su. In ka cire ma'aurata, wasu za su gaji yankin cikin makonni ko watanni, kuma in abinci ya wadata 'ya'yan da ke rayuwa suna ƙaruwa. Abin da harbi ke saya maka lokaci ne, watannin da jariranka ke buƙata su yi ƙwari. Shi ya sa in kyamara ta nuna koyoti yana wucewa ta gonata yana cin ɓera da zomo bai taɓa akuya ba, ƙyale shi nake yi, don yana korar baƙi, kuma wanda zai gaje shi ban san halinsa ba. Gasar kisa da ake yi don kyauta ba ta burge ni, jihohi irin su Niyu Meziko da Arizona ma sun hana ta a 2019.

Da ni ne kai, kuɗin da zan zuba a tamal mai tsada sai in raba shi biyu. Rabi in gyara ƙasan shinge, in ja wayar lantarki ɗaya kusa da ƙasa ta waje, in riƙa shigar da masu jego garke kusa da gida da dare, in daina barin mushe a fili, sannan in nemi karen gadi, Anatoliyan ko Akbash ko Piranis; cibiyar binciken noma ta Jami'ar Texas A&M da ke nan San Anjelo tana da shiri na musamman a kan waɗannan karnuka, kusa da kai take. Macen jaki ma tana korar su a ƙaramin fili. Ɗaya rabin in sayi .223, mariƙi mai ƙafa uku, fitila ja, tamal na hannu mai 384, da na'urar kira matsakaiciya. Kuma fitar farko da ta biyu in bi wani da ya saba, in riƙe masa fitila kawai.

In Allah ya ba ka sa'a ka kwantar da shi, kada ka taɓa shi da hannu tsirara. Suna ɗauke da ƙazuwa, da ƙuma, da tsutsar ciki mai kama mutum, kuma kudancin Teksas ya sha fama da haukan kare a cikin koyoti daga 1988, har jihar ta fara jefa allurar rigakafi cikin abinci daga jirgin sama a 1995. Sa safar hannu, duba haƙoransa ka ga babba ne ko ɗan bana, don ka san ko wanda kake nema ne, sannan ka binne shi da zurfi ko ka kai shi nesa da garke da karnuka. Kyamarorin kuma ka bar su a wurinsu aƙalla wata guda.